Kalmar “ba” da abin da takarda ke haɗiyewa

A ƙasar Arewa, wato Arewa ta Arawa, tun daga Dogon Kiriya a gangaro ta Matankari da Dogon Dutsi har Kore Mai Ruwa da Tibiri, in samari suka rubuta “Ba mu aiki” a jikin kwali suka ɗaga sama, babu mai iya rantsuwa kan abin da suke nufi sai ya ji sun faɗa da bakinsu. In murya ta fara daga ƙasa ta hau, roƙo suke yi: zaman banza ya ishe su, a ba su abin yi. In kuwa ta fara daga sama ta sauko, sanarwa ce cewa sun ajiye kayan aiki. Bakano zai ce ai wannan mai sauƙi ne, na biyun “ba ma aiki” ake cewa. Haka ne a Kano. Ba'are kuwa “ba mu aiki” yake cewa, kamar yadda yake cewa “ba ni zuwa” da “ba su shan taba”, kuma haka Basakkwace da Bagobiri da Ba'adare suke faɗa.

Shi ma Bakanon bai tsira ba. In ya ga an rubuta “ba ta aiki”, ko dai ana umartarsa ya sama wa wata abin yi, ko kuma ana shaida masa cewa mota ta mutu. “Ba ta nono” na iya zama umarni ga mai jego game da jinjirarta, yana iya zama kukan makiyayi game da saniyarsa a tsakiyar rani.

Akwai inda abin ya wuce wasa. A ɗauka tsoho ne kwance da zazzaɓi a wani ƙauye na Dogon Kiriya, babban ɗansa yana ci-rani a Legas ko Yamai, ƙanen yana gida da ƙwayoyin da aka sayo a kasuwa. Ƙanen ya ɗauki hoton kwalin da salula ya aika, yayan ya amsa a rubuce: “Ba shi maganin zazzaɓi.” Da Hausar Arewa wannan jimla tana nufin a ɗauko ƙwayar a ba tsohon. Da Hausar Arewa kuma tana nufin wannan ƙwaya ba ta zazzaɓi ba ce, kada a taɓa ta. Babu kuskure ko ɗaya a rubutun. Baki yana rarrabe su da hawa da saukar murya da tsawon wasali, takarda kuwa ta haɗiye duka biyun.

Shekara da shekaru Hausawa sun zauna lafiya da wannan, domin yawancin abin da ake rubutawa labari ne da wasiƙa, mai karatu ya san inda aka fito da inda aka dosa. Yanzu da Hausa za ta hau takardun hukuma a Nijar, lokaci ya yi da za a dubi wannan ƴar kalma da idon basira. Kuma babu wurin da ya fi Arewa dacewa da fara duban, saboda a nan “ba” ba ta Hausawa kaɗai ba ce.

Mai motar da ya tashi daga Dogon Dutsi ya hau kwaltar Yamai, kafin ya shiga Doso harshen bakin hanya ya sauya. Zabarmawa ne maƙwabtan yamma, su ne ke kiran Arawa “Mawri”, sunan da ya manne wa dogon kwarin da ya ratsa ƙasar har aka san shi da Dallol Mawri. Akwai ma Arawan da Zabarmanci ya zama harshen gidansu, irin na wajen Sokorbe a ƙasar Loga. Gwamnati kuma tana tura ma'aikatanta ko'ina, don haka ba abin mamaki ba ne a ga saurayi Bazabarme, sabon malamin lakwal, tsaye gaban mai fura ranar kasuwa, bai riga ya kama Hausa ba. Ya nuna ƙwarya ya ce, “Ay ga ba doonu.” Tsohuwar ta tsinci kalma ɗaya tak da ta sani a cikin maganar, ta ajiye ludayi ta ce, “To mi kaka so, Mushe, in ba ka son hura?” Shi kuwa furar yake so. A Zabarmanci “ba” ita ce so da ƙauna. Da ƙi yake yi, da “ay si ba” zai ce, domin “si” ce ke kore magana a wajensu.

Abin bai tsaya nan ba. “Ni” ta Zabarmanci ita ce “kai” ko “ke” ta Hausa. Saboda haka “ba ni” da almajiri ke faɗa a ƙofar gida, yana miƙa ƙoƙo, ita ce ƙarshen jimlar da saurayin Doso ke raɗa wa budurwarsa. Zabarmawa kuma suna da wasu “ba” ɗin a gefe: akwai ta yawa, in hatsi ya yi albarka, akwai mai ma'anar “ko da”, irin ta “ba afo”, wato ko ɗaya. Mutanen kan iyakar harsunan nan biyu sun saba da wannan tun suna goye. Yaron da ya tashi a gidan da uwa ke Zabarmanci uba ke Hausa ba ya rikicewa, kunnensa ya san wace “ba” ce ta shigo ɗaki.

Sunan Ba'are kansa yana ɗauke da wata. “Ba” ɗin da ke goshin Bahaushe da Bazabarme da Bagube da Bature gajeriya ce, murya a ƙasa, kuma mutum ɗaya take nunawa. In an yi yawa sai ta faɗi, a ce Hausawa, Gubawa, Turawa. A gabashi da kudancin Afirka kuwa abin ya juya baya. Baganda na Yuganda jama'a ce, mutum ɗaya Muganda ne. Basotho su ne mutanen Lesoto, ɗayansu Mosotho. Haka Batswana, haka Bakongo. Kalmar “Bantu” da masana suka laƙaba wa ɗaruruwan harsunan wannan yanki ma'anarta “mutane”, tilonta “muntu”. Ɗafi ɗaya ne a kunne, a goshin sunan al'umma yake zama a can da nan, amma a nan yana ware mutum guda, a can yana tara jama'a.

Fulanin da ke gangarowa kwari da shanu bayan an kawar da amfanin gona suna da tasu. A cikin manyan sunayen zuriya huɗu na Fulanin yamma, Jallo da Bari da So da Ba, ita ce mafi gajarta. Da ita aka san Mariama Ba ta Senegal, wadda littafinta na 1979 kan rayuwar matar da aka yi wa kishiya ya zaga duniya. Da ita aka san Amadu Hampate Ba na Bandiyagara a Mali, wanda ya rasu a Abijan a 1991 bayan ya ƙarar da rayuwarsa wajen tattara abin da dattawa suka riƙe a ka. A ƙasarsa kuma Bambarawa suna kiran uwa “ba”, suna kiran kogi “ba”. Kogin Bafing, wato baƙin kogi, da Bakoy, farin kogi, sun haɗu a garin Bafulabe suka zama kogin Senegal. Akuya ma “ba” ce a wajensu, sai dai da murya a ƙasa.

In aka yi nisa sai a tarar da lissafi. Malamin hisabi a zauren Matankari, in yana ƙidayar haruffa bisa tsarin abajada, “ba” biyu ce. A Biyetnam “ba” uku ce. A Sin, in aka ja ta da murya a sama ba lanƙwasa, takwas ce, kuma Sinawa suna ƙaunar wannan lamba domin sautinta ya yi kusa da kalmar arziki, shi ya sa suka buɗe wasannin Olamfik na Beijin ranar 8 ga wata na 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. In murya ta hau, “ba” ta zama tumɓukewa. In ta faɗo da ƙarfi, ta zama uba. Sinawa ba baƙin ido ba ne a jihar Doso, bututun man da kamfaninsu ya shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya ratsa ta ƙasar Tibiri. Wanda ya saurari hirarsu zai ji wata ƴar “ba” mara nauyi a wutsiyar jimla, wadda suke sawa in suna neman a tabbatar musu da abin da suke zato. Aikinta kusan ɗaya ne da ta Bahaushe mai cewa, “Gobe za ka zo, ba?”

A nan ne ake zamewa. Duk wanda ke zaman majalisa ko yake leƙa Facebook ya taɓa cin karo da mai rantsuwa cewa Hausawa da Sinawa ko Japanawa ƴan uwa ne, hujjarsa kalmomi biyar ko shida masu kama da juna. Wani ya ji cewa mutanen Masar na zamanin Fir'auna suna da “ba”, wani sashe na ran mutum da suke zanawa da siffar tsuntsu mai kan ɗan Adam, sai ya ce shi ke nan an gano asalin Bahaushe. Ana yin haka ne don son harshen, kuma son abin yabo ne, amma hujjar ba ta tsayuwa. Harsunan duniya sun kai kimanin 7,000, sautukan da bakin ɗan Adam ya fi yawan amfani da su kuwa ƴan kaɗan ne. Haɗa leɓe biyu a buɗe baki shi ne abin da jariri ke fara iyawa, kafin harshensa ya koyi lanƙwasa. Dole harsuna masu yawa su yi karo a kan wannan gaɓa, kowa ya ɗora mata kayan da ya ga dama.

Shi ya sa “baba” ta cika duniya. Uba ce a Zabarmanci da Yarbanci da Turkanci da Suwahili, tsohuwa ce a Rashanci. A ƙasar Jojiya “mama” uba ne. Hausa ita kaɗai tana da “baba” huɗu da ake rubutawa iri ɗaya: mahaifi, da gwaggo ko uwa, da shukar da marina ke zubawa a karofi, da baban fada wanda aka dandaƙe. Iyaye ne suka ji gwalantun jariri suka ce da su yake.

Dangantakar gaskiya ba ta ɗaukar ido haka. Ita “ba” mai neman tabbaci da ke cikin Turancin kasuwa na Nijeriya, wadda ake ji a bakin ɗan Jos da ɗan Abuja, daga Hausa aka are ta, kuma an san hanyar da ta bi, domin mutanen sun cuɗanya a kasuwa da bariki. Ta Sin ba ta da irin wannan hanya. Hausa da tsohon harshen Masar kuwa dangi ne na haƙiƙa, tare da Larabci da Ibrananci da Buzanci, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a littafinsa na 1963 kan harsunan Afirka. Amma ba da tsuntsu mai kan mutum aka gane haka ba. An gane ne daga kalmomi irin “mutu”, wadda saiwarta ke cikin “mautu” ta Larabci da tsohon harshen Masar da harsunan Cadi masu yawa, da “suna” mai dangantaka da “ismu”, da “harshe” mai dangantaka da “lisanu”. Ba'are da ke cewa “halshe” ya fi Bakano riƙe tsohuwar siffar kalmar. Zabarmanci da ke ƙofar gida, wanda ake auratayya da masu shi, ba ya cikin wannan dangi sam.

Abin da ya fi amfani a tambaya game da waɗannan harsuna shi ne yadda kowanne ya yi da tasa “ba” da ya zo rubuta ta, domin duk sun haɗu da matsalar da Hausa ke ciki.

Ɗan lakwal na Dogon Dutsi ya san amsar Faransawa, ya sha bulala a kanta ranar dikte. Sauti ɗaya ne, amma “bas” ƙasa ce, “bat” ya buga, “bât” akumarin jaki, “bah” kuwa tsaki ne na wanda bai damu ba. Sun bar haruffan da ba a furtawa suna gadin ma'ana. Sinawa kowace “ba” da zanenta daban, kuma da suka tsara rubuta harshensu da haruffan boko a 1958 sai suka ɗora wa wasulla alamun murya. Mutanen Biyetnam da alamun murya suke rarrabe kalmomi a rubuce: “ba” uku, “bà” kaka, “bả” guba, “bã” tuƙa. Yarabawa tun zamanin Samuel Ajayi Crowther suke bambanta “bá” ta tarar da mutum da “bà” ta saukar tsuntsu da “ba” ta laɓewa. Sulemana Kante na Gini, da ya ƙirƙiro rubutun Nko a 1949 domin harsunan Mande, bai bar tsawo ko murya ba alama ba, saboda ya san kogi da akuya ba sa zama a ƙarƙashin harafi ɗaya lafiya.

Hausa ma ta taɓa yin rabin wannan aiki, har sau biyu. Na farko a ajami. Almajirin da ya gama babbaƙu ya shiga farfaru ya san “ba” mai ɗigo ɗaya a ƙasa da fataha a sama gajeriya ce, in aka bi ta da alu ta zama doguwa. Malaman da suka rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami ba su nuna hawa da saukar murya ba, amma sun nuna tsawo, domin ma'aunin waƙa ba ya yiwuwa sai da shi. Da boko ya zo, ƙa'idojin da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 suka watsar da tsawon. Bargery ya sa alamun murya da tsawo a babban ƙamusunsa na 1934, sai dai sun tsaya a ƙamus, ba su shiga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ba, ba su shiga littattafan makaranta ba.

Na biyu a Nijar ne. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita haruffan manyan harsunan yankin, Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci da harsunan Mande, kuma Hampate Ba yana cikin waɗanda suka tsaya wa taron. Bayan nan Nijar ta riƙa rubuta dogon wasalin Hausa da harafi biyu. Da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ana cikin wannan yayi ne. A 1980 aka sake zama a Yamai domin a haɗa rubutun ƙasashen biyu, Nijar ta ajiye ninkin wasali ta bi Nijeriya, ta riƙe ƴ mai lanƙwasa kawai. An ci riba babba, dole a faɗa: littafin da aka buga a Zariya ko Kano ana karanta shi a Maraɗi da Dogon Dutsi ba tare da an sake masa kama ba. Amma an biya kuɗin ribar. Yau yaron Nijar da ke koyon karatu da Fulatanci yana ganin dogon wasali a rubuce, mai koyo da Zabarmanci ma yana ganin “baa” da harafi biyu, mai koyo da Hausa sai dai ya yi canke.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ana iya muhawara kan yadda aka yanke wannan hukunci da yadda masu sauran harsuna suka ji da shi, kuma muhawarar tana da muhimmanci. Amma in har za a aiwatar, ma'anarsa ita ce doka da sanarwar gidan likita da takardar gona da umarnin maganin ƙwari za su riƙa fitowa da Hausa. Kuma da yawa daga cikin masu karanta su ba da Hausa aka yaye su ba. Bazabarmen Tilaberi da Babarbaren Difa da Buzun Agadas sun iya Hausar kasuwa, amma ba su da kunnen da zai cike musu abin da takarda ta haɗiye. Malamin lakwal ɗin nan da ya tsaya gaban mai fura, shi za a miƙa wa littafin Hausa a ce ya koyar da ƴan aji ɗaya.

Masu cewa a bar rubutu yadda yake suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Miliyoyin mutane suna karanta jarida da littattafan soyayya ba tare da alama ko ɗaya ba, ba sa tuntuɓe sai jefi-jefi. Shafin da aka cika da ɗigo da karan tsaye a kan kowane wasali yana gajiyar da ido. Wani mai bincike, Steven Bird, ya gwada wannan a harshen Dschang na Kamaru, ya wallafa a 1999 cewa sa alamar murya a ko'ina ya rage wa masu karatu sauri, bai kuma rage musu kuskure ba. Duk wanda ya ce a mai da Hausa kamar rubutun Biyetnam bai yi wa masu karatu adalci ba, kuma ba za a bi shi ba.

Sai dai tsakanin cika shafi da alamu da barin shi tsirara akwai fili mai faɗi, kuma misalan suna cikin gida. Larabci yana sa wasulla a Alƙur'ani da littattafan yara, inda kuskure ke da tsada ko mai karatu bai ƙware ba, ya bar jarida haka nan. Faransanci yana da ƴan kalmomi ƙalilan da ya ɗora wa alama don kawai a rarrabe su da tagwayensu: “a” da “à”, “ou” da “où”, “la” da “là”. Duk wanda ya yi shekara biyu a lakwal ya san su, kuma alamun suna nan cikin kowace salula da ake sayarwa a Nijar. Babu abin da zai hana a yi wa Hausa irin wannan. A ɗora alama guda a kan “ba” ta bayarwa, a bar sauran. Da wannan kaɗai kwalin samarin ya fito fili, saƙon maganin ya fito fili, saniya da mai jego sun rabu. In an ga ya karɓu, sai a duba “ya” da “ta” da “su”, inda “ya tafi” ke iya zama labarin wanda ya riga ya wuce ko umarnin a kore shi. Littattafan aji ɗaya da aji biyu kuwa a cika musu alamun tsawo da murya, kamar yadda ake yi wa mai farfaru, a riƙa rage su yayin da yaro ke girma.

Marubuta sun daɗe da jin matsalar a jikinsu, suna kauce mata da dabara. Ƴan jarida sun koma rubuta “bai wa” in bayarwa suke nufi, suna rubuta “babu” cikakkiya maimakon “ba” ta rashi. Dabarar tana taimako, amma “bai” ɗin ma tana da tagwai a “bai zo ba”, kuma “ban” ta “ban ruwa” da masu rake ke yi a fadamun Tibiri da Gesheme ba ita ce ta “ban sani ba” ba. Ban da haka, manomin da ke rubuta wa ɗan uwansa saƙo ba ɗan jarida ba ne. Yadda yake magana haka yake rubutawa, da Hausar garinsu, kuma yana da gaskiya.

Wannan ba aikin da Nijar za ta yi ita kaɗai ba ne, in ba haka ba a koma gidan jiya, rubutu biyu ga harshe ɗaya. Waɗanda za su zauna suna nan: masana harshe na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da na Jami'ar Bayero ta Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da cibiyar CELHTO da ta karɓi zaman 1980, da hukumar harsuna ta Tarayyar Afirka da ke Bamako. Abin da ya kamata a ƙara a wannan karon shi ne kujerar malamin ƙauye da ta ma'aikaciyar gidan likita, da mutum ɗaya ko biyu daga wurare irin Arewa da Adar da Kurfai, inda Hausar da ake yi ta bambanta da ta littafi kuma take gogayya da wasu harsuna kullum. Su ne suka san jimlolin da ke rikita mutane, domin a gabansu ake rikicewa. Kafin a yanke komai kuma a gwada a azuzuwa na gaske, a Dogon Kiriya da Doso da Damagaram, a ga ko alamar ta taimaki yaro ko ta dame shi.

Kafin a yi wannan zama, mutane suna ci gaba da maganin abin da kansu. Mai kuɗin intanet ya daina rubutu ya koma aika murya ta WhatsApp. Wanda ba shi da shi, irin ƙanen nan da ke tsaye da kwalin ƙwaya a hannu tsoho yana nishi a ɗaki, sai ya fita bayan gari ya hau tudu neman rezo, ya ƙona ɗan abin da ya rage masa a salula ya kira Legas: “Yaya, wai in ba Baba, ko ba shi yi?”